Ɗana ya daina magana, surukata ta ce nauyin baki ne: in jira ko in fara kai shi horo?

Tambaya: Wata uwa ta rubuto cewa ɗanta na fari yana da shekara biyu da wata huɗu. Da yana cewa "Mama" da "Baba", amma tun yana shekara ɗaya da rabi ya daina. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, amma da ya ji ƙarar ledar biskit zai sheƙo da gudu. Ba ya nuni da yatsa. In yana son abu sai ya kama hannunta ya ɗora a kai. Yakan wuni yana jera takalma a tsakar gida, in an taɓa ɗaya ya fashe da kuka. Likita ya ce yana zargin otizim, lalurar da ake kira galahanga, ya ce a fara horo da wuri. Surukarta ta ce nauyin baki ne, babansa ma haka ya yi. Cibiyar da aka nuna mata kuma tana da tsada. Ta jira ya kai shekara uku ko huɗu? Horon nan yana aiki kuwa? Zai yi magana?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki shi, ya yi masa albarka. Aikina shi ne koya wa yara magana da mu'amala, don haka zan faɗa miki kai tsaye: kada ki jira. Yanke hukunci a kan yaro aikin likitan da ya gan shi ne, amma abubuwan da kika lissafa sun isa a fara aiki a makon nan, ko da sunan lalurar bai tabbata ba tukuna.

Hajiya, surukar taki, tana da gaskiyarta. Akwai nauyin baki, kuma ta ga yara da yawa da suka makara daga baya bakinsu ya buɗe. Sai dai yaro mai nauyin baki kawai, in kika lura da shi, yana hira da ke da komai nasa ban da harshe. Zai nuna jirgin sama da yatsa, ya juyo ya kalli fuskarki don ya ga ko ke ma kin gani. Zai kawo miki abin wasansa don kawai ki yaba. In kin ce "ɗauko wa Baba takalminsa" zai ɗauko. In kina shara zai nemi tsintsiya, in kina salla zai yi ruku'u a gefenki. Rashin waɗannan ne ya fi ɗaga min hankali a wasiƙarki, fiye da rashin kalmomin. Sannan ga kalmomin da ya samu suka ɓace. Likitocin yara sun daɗe da sa iyaka: yaron da ya kai wata 12 ba ya gwaranci ba ya nuni, ko wata 16 babu kalma ko ɗaya, ko wata 24 bai haɗa kalma biyu ba, a duba shi. Wanda kuwa ya rasa abin da ya riga ya iya, a kowane wata ne, ba a jira da shi. Akwai wata takardar tantancewa mai tambayoyi 20 da ake kira M-CHAT-R, ta yara 'yan wata 16 zuwa 30. Naki yana wata 28, don haka ki roƙi likita ya cike ta tare da ke.

Kafin komai, a gwada jinsa. Kada ki ce ai yana jin ledar biskit. Yaro na iya jin wasu sautuka ya rasa waɗanda ake gina magana da su. A wajenmu wannan gwaji ya zama dole, saboda shawarar jarirai mai tsanani da sanƙarau da ƙyanda duk suna taɓa kunne, kuma ba baƙi ba ne a arewa. Ana yin sa a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Akwai nau'in gwajin da ake yi yaro yana barci, ba sai ya ba da haɗin kai ba. Ki kuma gaya wa likita yadda haihuwarsa ta kasance, ko ya yi kuka da aka haife shi, ko ya taɓa jijjiga, ko yakan yi tsai ya ƙura wa waje ɗaya ido ba ya motsi, domin farfaɗiya ta fi yawa a yara masu otizim kuma tana da magani. A duba jininsa ma, musamman in yana da zaɓen abinci.

Me ya sa muke gaggawa? Hausawa sun riga sun faɗa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙwaƙwalwar yaro takan kai kusan kashi 80 cikin 100 na girmanta a shekara uku, kuma a wannan tsakanin ne hanyoyin da ke cikinta suka fi saurin haɗuwa. Amma akwai dalilin da ya fi wannan kusa da ke. Yaro yana koyon magana ne daga fuskokin mutane: ya kalli inda kike kallo, ya ji abin da kika kira shi, ya haɗa biyun. Yaron da hankalinsa ya fi karkata ga takalma a kan fuska, duk waɗannan ƙananan darussa suna wuce shi daga safe har dare, alhali sa'o'insa suna kwasa. Kowane wata tazarar ƙaruwa take yi. Kuma yaron da ba shi da hanyar cewa "ba ni" ko "ba na so" zai nemo wata, sau da yawa ihu ko cizo ko buga kai a ƙasa, in ta yi masa aiki kuwa ya riƙe ta. Koya wa ɗan shekara biyu ya miƙa hannu ya fi sauƙi nesa a kan raba ɗan shekara shida da cizo. Wannan ba ya nufin ƙofa tana rufewa a shekara biyar. Manyan yara ma suna koyo. Yanzu dai aikin ya fi araha, ya fi sauƙi a kansa.

Batun ko horon yana aiki, ga abin da aka sani. A 1987 wani masani a Amurka, Ivar Lovaas, ya ba da rahoton yara 19 da aka yi wa horo na awa 40 a mako, ya ce tara daga cikinsu sun shiga makarantar kowa da kowa ba tare da tallafi ba. Daga nan hanyar da ake kira ABA, wato koya wa yaro abu mataki-mataki ana ba shi lada in ya yi daidai, ta bazu. Masana sun soki tsarin wancan bincike, kuma wasu manya masu otizim da aka yi wa tsohon salon suna ƙorafin tsananinsa, shi ya sa hanyoyin yanzu suka koma cikin wasa. A 2010 an gwada ɗaya daga cikinsu, tsarin Denba, a kan yara 48 'yan wata 18 zuwa 30. Bayan shekara biyu, waɗanda suka samu horon sun ƙaru da maki kusan 18 a gwajin fahimta, sauran kuma maki 7. Amma wannan ƙwararru ne ke zuwa gida awa 15 zuwa 20 kowane mako, abin da ko a can ba kowa ke samu ba.

Binciken da ya fi dacewa da halinmu shi ne na Ingila mai suna PACT, a kan yara 152. A nan iyaye aka horar. Ana ɗaukar bidiyon uwa tana wasa da ɗanta, sai ta zauna da ƙwararriya su kalla tare, a nuna mata inda yaron ya yi wata 'yar alama ta wuce ta ba ta gani ba. Aikin gida minti 20 zuwa 30 ne a rana. Sakamakon farko a 2010 bai burge ba, amma da aka sake duba yaran bayan shekara shida, a 2016, sai aka ga alamomin lalurar sun fi sauƙi a waɗanda aka horar da iyayensu, kuma sun fi fara mu'amala da kansu, ko da yake a gwajin harshe ba a ga bambanci ba. An kai wannan tsari Gowa ta Indiya da Rawalfindi ta Pakistan, inda ma'aikatan lafiya na gari, ba ƙwararru ba, suka koyar da shi, kuma mu'amalar uwa da ɗa ta gyaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da nata shirin horar da masu reno, zama tara cikin rukuni da ziyarar gida uku, na yara 'yan shekara 2 zuwa 9, an gwada shi har a Habasha da Kenya, kuma ba a neman takardar tabbatar da lalura kafin a shiga. Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne, horo ba ya cire otizim, ribarsa ta bambanta daga yaro zuwa yaro, amma yana ƙara wa yaro hanyar isar da buƙatarsa, kuma mafi yawan aikin a gida ake yinsa, a hannunki.

To ga yadda za ki fara, da takalman nan nasa. Gobe in ya fara jera su kada ki kwashe, kada ki ja shi zuwa wani wasan. Shimfiɗa tabarma ki zauna a gabansa, fuskarki daidai tasa, ba a bayansa ba, ba a tsaye ba. Ki yi shiru ki kalle shi na ɗan lokaci. Sai ki ɗauki takalmi ɗaya ki ajiye a ƙarshen layinsa, yadda yake yi. Wataƙila ya ture hannunki; ba komai, ki ja baya kaɗan ki yi naki layin a gefe. In ya saba da ke a wurin, ki tara sauran takalman a cinyarki, ya zama ta wajenki za su fito. Ɗaga ɗaya kusa da fuskarki, ki jira. Ki ƙirga biyar a zuci. Duk abin da ya yi, ko miƙa hannu, ko ɗan sauti, ko kallon da bai wuce ƙiftawar ido ba, ki ɗauke shi a matsayin magana: ki ba shi nan take ki ce "takalmi". Kalma ɗaya tak. Ban da "ce takalmi, ce mana, ka ce takalmi in ba ka", wannan yakan sa yaro ya tashi ya bar wurin. Abin da kike koya masa a nan ya riga kalma zuwa: cewa in ya juyo ga mutum, abu mai daɗi yana faruwa.

Haka za ki yi da cakulkuli da lilo da dokin wuya. Ki yi masa sau biyu ko uku har ya fara dariya, sai ki ɗaga hannu ki tsaya cak kina murmushi. Zai jira, sai ya motsa jiki ko ya jawo hannunki. Ki ce "ƙara", ki ci gaba. Biskit ɗin da yake so, ki kakkarya shi ki zuba a roba mai murfi da ba zai iya buɗewa ba, ya zama kowane gutsure sai ya kawo miki. A wanka, ki cika moɗa ki riƙe a sama ki jira kafin ki zuba, ki ce "ruwa". Minti goma sau uku ko huɗu a cikin ayyukan da dama za ki yi su ya fi zaman awa guda na dole. In ya fara kuka kin ja jiran da yawa. Ki ba shi, gobe ki rage.

Akwai abubuwa biyu na gidajenmu da nake so ki kula da su. Na farko, tunda ɗan fari ne, na san akwai alkunya: ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban surukai, wani lokaci ma kaka ce ke riƙe shi. Al'ada ce mai kyau a wurinta, amma wannan yaro yana buƙatar fuskarki da muryarki da dariyarki. In kunya ta hana ki a tsakar gida, ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa ki yi. Kuma gidan duka ku tsayar da suna ɗaya da za a riƙa kiransa da shi, kada wannan ta ce Abba, wancan ya ce Walid, kaka ta ce Maigida. Na biyu, gidan yawa yakan cika tausayi: kafin yaro ya nemi ruwa an miƙo masa, kafin ya isa ƙofa an buɗe. Ki tara mutanen gidan ki nuna musu wannan ɗan jiran. In suka iya shi, yawan nan ya zama arziki, domin yara 'yan shekara shida zuwa goma sukan fi manya iya wasan nan da juriya a kansa.

Waya da talabijin a rage su sosai. Ba su ke kawo otizim ba, amma suna cinye lokacin da zai kalli fuska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara biyu kada ya wuce awa ɗaya a rana, in an rage ma ya fi. Ki ci gaba da yi masa Hausa. Wasu iyaye sukan koma Turanci saboda mai horon da shi take aiki, sai yaro ya tashi ba ya gane kakarsa da yaran unguwa. Jin harshe biyu ba ya hana magana, gara ki nemi mai horon ta koyi kalmomin gidanku. In bayan 'yan watanni kalma ba ta fito ba, a ɗauki hoton kofinsa da biskit da ƙofar waje a wanke, a koya masa miƙa hoton abin da yake so. Iyaye kan ji tsoron hoto zai sa ya yi kasalar magana. Bincike bai nuna haka ba, kuma kukan yakan ragu da zarar ya samu hanya.

In ya yi bori, ki tambayi kanki me ya faru dab da shi, me kuma ya samu bayansa. Yawancin yaran nan ƙara tana yi musu zafi fiye da yadda muke zato: janareto, injin markaɗe, lasifikar biki, injin aski. Toshe kunne da ihu a irin wannan wuri ba rashin tarbiyya ba ne, kuma duka ba ya koya masa komai sai tsoronki. Ki kula da tsaro: yaron da ba ya amsa kira in ya fice ba a san inda za a neme shi ba, kuma da yawansu ruwa yana jan su. A rufe rijiya da murfi mai nauyi, kada a bar baho ko duro a buɗe da ruwa, a sa sakata a sama a ƙofar gida, maƙwabta su san halinsa.

Game da cibiya mai tsada, kada ku sayar da fili ko ku ci bashi tukuna. Ki je ki tambaye su: zan iya shiga in ga abin da ake yi? Wane abu takamaimai kuke so ya iya nan da wata uku, kuma za ku rubuta min? Me za ku koya min in yi a gida? Wa ya horar da wadda za ta zauna da shi? Inda aka hana uwa shiga, ko ake ɗaure yaro a kujera, ko ake tsawa da bulala, ko aka yi miki alkawarin warkewa cikin wata kaza, ki ɗauki ɗanki ki fita. In ƙarfinku na zuwa sau ɗaya ko biyu a wata ne, ya wadatar a fara: ki mai da zaman na koya miki, ki je da gajeren bidiyon wasanku a waya a gyara miki. Sassan yara na asibitocin koyarwa da na asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da na Maiduguri, sun fi cibiyoyin kuɗi sauƙi, ki tambayi likitanku wanda ya fi kusa. In yaro yana da jinkirin zama ko tafiya, sashen gashin ƙashi ma yana da nasa aikin.

Za a kawo miki shawarwari barkatai. Addu'a da tofi ki riƙe su, ba sa karo da horo. Amma kada ki yarda a kai shi wajen wanzami a yanke linzamin harshe ko a cire belu. Ba nan matsalar take ba, kuma ana rasa jini ana ɗaukar cuta. Kada a turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki, kada a doke shi da sunan fitar da aljani, kada a ba shi maganin mura don ya yi barci. Garin magani da ƙwayoyin da ake tallatawa a intanet cewa suna wanke ƙwaƙwalwa asarar kuɗi ne, wasu ma guba. Har yau babu ƙwayar da ke maganin otizim kansa. Irin su risferidon likitan ƙwaƙwalwa ne ke ba manyan yara saboda tsananin bori, ba don magana ba.

Ba laifinki ba ne, kuma ba wani ya yi masa ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da otizim, maza sun ninka mata wajen sau huɗu, kuma gado ne ya fi rinjaye a sababinsa. Bayan da wani likita, Leo Kanner, ya bayyana lalurar a 1943, an shafe shekaru ana ɗora wa iyaye mata laifin rashin sakin jiki da 'ya'yansu, daga baya ilimi ya watsar da wannan zargi. Allurar rigakafi ma ba ita ba ce. Rahoton 1998 da ya haddasa jita-jitar, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, an kuma soke lasisin likitan. Wani bincike a Denmak a 2019 a kan yara fiye da 650,000 bai ga wata alaƙa ba. Lokacin da kalmomi kan ɓace ne ya zo daidai da lokacin allurai, shi ya sa ake haɗa su. Ki kammala masa rigakafinsa, ƙyanda tana kisa tana kurmantarwa. Saboda gadon nan kuma, in kin yi masa ƙane ko ƙanwa ki sa ido tun daga wata tara zuwa shekara, domin kusan ɗaya cikin biyar na ƙannen yara masu otizim su ma sukan zo da shi.

Zai yi magana? Sanin gaibu sai Allah, kuma duk wanda ya ba ki rana ya yaudare ki. Abin da zan iya faɗa shi ne mafi yawan yara masu otizim suna yin magana, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku kuma sukan tashi da kalmomi kaɗan ko babu, su dogara da hoto ko alama ko na'ura. Wani bincike na 2013 a Amurka ya bi bayanan yara 535 da suka kai shekara huɗu ba sa haɗa jimla. Zuwa shekara takwas kashi 70 cikin 100 suna haɗa jimla, kashi 47 kuma suna magana sosai. Naki bai kai biyu da rabi ba. Alamomin da za ki duba a watannin farko su ne waɗanda ke riga magana: ya fara juyowa in an kira shi, ya kwaikwayi tafi, ya miƙo miki roba yana kallonki, ya gane "zo" da "zauna". Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta irin waɗannan da kwanan wata, domin ci gaban a hankali yake zuwa, mai ganinsa kullum ba ta lura.

Hajiya kuwa kada ki yi musu da ita a kan suna. Ki ce mata, "Hajiya, Allah ya sa nauyin bakin ne, likita dai ya ce mu riƙa yi masa wannan wasan don bakin ya yi saurin buɗewa." Sai ki ba ta nata aikin, misali ita ce mai robar biskit da la'asar. Babansa kuma ki lallaɓa shi ya raka ku ganin likita na gaba, ya ji da kunnensa, a kuma ware masa minti goma na dokin wuya bayan magariba. Ku tafi da katin rigakafi, da sakamakon gwajin ji, da littafin nan, da bidiyo biyu ko uku na yadda yake wasa da yadda yake yi in an kira shi, sannan ku nemi a sa muku ranar sake dubawa nan da wata uku.